Ranar Da Na Ceci Yayana Daga Hannun Likitarsa

Ko tsufa zai kwashe min komai daga kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na faɗa ɗakin gashin ƙashi na ceci yayana daga matar da take yi masa magani ba. E, ceto na ce. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya kira ni. Ni kaɗai na ga haɗari, ni kaɗai na yanke hukunci, ni kaɗai kuma na sha kunyar.

Yaya Nura shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. A Nyanya muke zaune, shi kuma yana da shagon kayan lantarki a kasuwar Gudu. Wata safiya yana hanyar kasuwa, tifar yashi ta ƙwace a gangare ta bi ta kan motar hayar da yake ciki. Allah ya yi da sauran kwana, amma lakarsa ta taɓu a baya. Daga wajen cibiya zuwa ƙasa, ko allura ka soka masa ba ya ji.

Ni da a tunanina wanda ƙafarsa ta mutu tafiya kawai ya rasa. Ashe har zama yana rasawa. In ka zaunar da Yaya babu jingina, sai ka ga ya tafi gefe a hankali kamar buhun geron da ba a cika ba. Dole ya dafa ƙasa da hannu biyu. Ya ɗaga ɗaya don ya ɗauki kofin shayi, to sai dai a tare shi a tare shayin.

Matarsa, Anti Bilki, tana da ciki lokacin, kuma kafin a sallamo shi daga asibiti cikin ya yi nauyi. Ni kuwa na gama sakandare ina zaman gida ba aikin fari ba na baƙi, sai jinya ta faɗo kaina. Kuma in faɗi gaskiya na riƙe ta da gaske (wasu sun ce na shaƙe ta ne). Filo ta dama, filo ta hagu, filo biyu a baya. In zai hau kekensa na marasa lafiya kuwa, sai in ɗauko zanen goyo in zagaye ƙirjinsa da shi in ƙulle a bayan keken tamau.

"Auta, wai ni jariri ne?" in ji shi.

"Jariri ai ya fi ka jin magana. Ɗaga hannu in ɗaure."

Wata rana da yamma muna tsakar gida, ya daɗe yana kallon Anti Bilki tana tsintar shinkafa, cikin nan ya tokare mata tire. Sai ya ce, "Ni yanzu ba tafiya nake roƙo ba. In Allah ya sauke ta lafiya, so nake in karɓi abin da aka haifa da hannuwana biyu in yi masa huɗuba. Ba mai riƙe ni, ba mai riƙe min shi."

Anti Bilki ta sunkuyar da kai tana share ido. Ni kuma, sarauniyar lallashi, na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Sai a ƙara maka zane ɗaya."

Ya harare ni ya kau da kai. Yaya Nura in ya kau da kai, ya gama zaginka ke nan.

Gashin ƙashin, abokinsa Danjuma ne yake kai shi a motarsa. In sun dawo in tambaya me aka yi yau, sai Yaya ya ce, "Ciki da baya muka yi." Gobe ma ciki da baya. Jibi an koya masa ɗaga hannu ɗaya, an sa shi miƙa hannu ya ɗauko kofi. Abin ya ishe ni. Na ce, "Ƙafa ce ta mutu, su kuma sun tasa ciki a gaba. Tumbi suka ga ka ajiye?" Har saƙo likitar ta aiko min, wai in rage filo, in riƙa kwance zanen in yana motsa jiki. Na ce wa Danjuma ya gaya mata ta zo Nyanya ta kwance da hannunta.

To ranar da abin ya faru, Danjuma ya yi tafiya, ni na kai shi. Wanda ya san goslon Nyanya da safe ya san mutum ba ya fita daga cikinsa da sauran imani mai yawa. Na yi faɗa da direban tasi a kan naɗe keke, na yi faɗa da mai gadin asibiti a kan inda za a sauke mu. Kafin mu isa ƙofar ɗakin na riga na tafasa, murfi kawai nake jira a ɗaga.

A bakin ƙofa muka haɗu da ita. Madam Rahila, 'yar gajeriyar mata daga Filato, da farar riga da 'yar sarƙa mai gicciye a wuya. Ta gaida Yaya da fara'a, "Oga Nura, yaya jiki?" Sannan ta zagaya bayan keken, ta dubi ƙullina, ta kwance shi a natse, ta ninke zanen kamar za ta kai guga, ta miƙo min.

"Ke ne Auta ko? Na ji labarinki. Ga zanenki. Ki zauna a benci, 'yan'uwa ba su shiga."

"Saboda me?"

"Saboda suna da tausayi da yawa."

Ta tura shi ciki ta rufe ƙofa. Na zauna a benci da kular abinci a cinya, tsakanin wasu mata da ke hirar tsadar tumatir. Zaman bai yi tsawon karanta Fatiha ba na miƙe. Ɗakin yana da taga, an sa mata labule, amma labulen bai haɗe ba, ya bar 'yar kafa. Na kafa ido ɗaya a nan.

Ga Yaya can a bakin wani faffaɗan gado mai katifa, ƙafafunsa a ƙasa, bayansa ba jingina, ba filo, ba zane. Hannuwansa biyu a sama, gumi yana zuba kamar an watsa masa ruwa. Sai na ga matar nan ta ja da baya ta ɗauko ƙwallo ta jefe shi da ita. Ya cafe, ya yi tangaɗi, ya dawo. Na ce a raina, to, wasan yara aka kawo mu. Ta ajiye ƙwallon ta matso kusa da shi. Ta sa hannu a kafaɗarsa ta ture shi.

Na goge idona na sake dubawa. Ta zagaya ɗaya gefen ta sake ture shi, wannan karon da ɗan ƙarfi. Yaya ya ɓata fuska kamar mai naƙuda, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Ita kuwa dariya ma take yi, tana cewa wani abu da ba na ji. Sai ta sa tafin hannu a ƙirjinsa ta tura shi baya, na ga ya tafi, labule ya rufe min sauran.

Daga nan ban san lokacin da na saki kular ba. Na dai ji ƙarar murfinta yana gangarawa a baranda. Na bankaɗe ƙofa na shiga da gudu, na damƙi wuyan farar rigar nan na wancakalar da Madam Rahila gefe. Ta yi zaman daɓaro a kan wasu katifun roba da aka jibge.

"Ke wace irin marar imani ce?" Haka na fara, da murya irin ta masu kiran fasinja a tasha. "Mutumin da ko zama bai iya ba shi kike turewa? In dambe kike sha'awa ga ni, ni ƙafata ƙalau take! Mu kawo muku marar lafiya ku mai da shi ƙwallo? Wallahi sai na ɗauke ki a waya duniya ta gan ki!"

Na juya na faɗa kan Yaya na rungume shi da iya ƙarfina, wai kar ya faɗi. Sai na ji hannuwana sun kasa haɗuwa a bayansa. Na ce ikon Allah, yaushe Yaya ya yi wannan ƙibar? Na ƙara matsewa. Sai kuma na ji wani abu yana sukar kuncina kamar soson ƙarfe.

Gemu ne.

Wani ƙaton mutum ne durƙushe a kan gadon a bayan Yaya, hannunsa riƙe da wata ɗamara da aka ɗaura wa Yaya a ƙugu. Tun farko yana nan, labule ne ya ɓoye min shi. Ni kuma na haɗa su biyu na rungume, kuncina a manne da gemun bawan Allah, shi kuma ya ƙame yana ta "A'uzu billahi, a'uzu billahi" a ƙasan maƙoshi.

Sai a lokacin na lura ba mu kaɗai ba ne. Akwai masu jinya a kan wasu gadajen, akwai wani dattijon Alhaji a kekensa da 'yan buhunan yashi a hannu, ya tsaya da ɗaga su yana kallo ta saman tabarau. Matan benci kuwa sun bar tumatir sun cika ƙofa.

"Auta," in ji Yaya, a hankali. "Sake ni. Ki saki Malam Isa ma."

Na saki. Malam Isa ya ja baya yana gyara gemu, ko kallona bai yi ba.

"Yau ne na fi daɗewa a zaune tun da na fara," in ji Yaya. "Yau. Sai da kika zaɓi yau."

Madam Rahila ta tashi tana kaɗe riga. Dariyar nan duk ta tafi. Ta ce, "Oga Nura, ni ba zan yi aiki inda za a zo a dake ni ba. Sai dai a ba ka wani likita. Amma ka san layi, sai ka jira a samu wuri."

Na ga fuskar Yaya ta canza. Haihuwar Anti Bilki ta kusa, kowa ya sani, jira kuwa shi ne abin da ba shi da shi. Nan ne ya kamata mai hankali ta durƙusa ta ba da haƙuri. To mai hankalin ba ta zo asibiti ranar ba, ni na zo.

"To ai ni ban ga abin da ake yi ba ma," na ce, ina gyara mayafi. "Zama ne fa kawai. Zama har wani abin koyo ne? Ku koya masa tafiya mana, in kun iya."

Alhajin nan (daga baya na ji wai tsohon darakta ne a wata ma'aikatar gwamnati) ya ajiye buhunan yashinsa a cinya ya ce, "Madam, ku ba da wuri. Farfesa ta iso."

Madam Rahila ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke kina zama ne don ƙafa yana taimaka miki, cinya yana taimaka, ciki da baya duka suna aiki, ke ba ki sani ba. Shi ƙafa ya tafi, cinya ya tafi. Abin da ya rage masa saman ciki ne, da baya, da kafaɗa, da kai. Su za su koyi aikin da ba nasu ba. Mota zai taka birki, keke zai faɗa rami, jariri zai yi shure-shure a hannunsa. Duniya zai ture shi ko ina so ko ba na so. Gara ni in ture shi a nan, inda akwai mutum a baya."

Maganar ta shige ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma idon mutane yana kaina, ni kuma ban iya janyewa ba. Na ce, "Duk da haka dai zama zama ne."

Ta nuna wata ƙatuwar ƙwallon roba a lungu, shuɗiya, ta kai min gwiwa. "Ɗalibai in sun zo koyo, a kan wannan muke sa su zauna su ɗaga ƙafa, don su ɗanɗana kaɗan. Amma sai an riƙe..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na jawo ƙwallon tsakiyar ɗaki na haye.

"Ki jira a riƙe ki!"

"Ba na buƙata. Ni ba marar lafiya ba ce."

Na naɗe hannu a ƙirji, na kalli Alhaji ido cikin ido, na ɗaga ƙafafuna biyu.

Zan iya rantsuwa na zauna. Na ƙiftawar ido dai, amma na zauna, har na fara shirya abin da zan faɗa. Sai ƙwallon ta yi gabas ni na yi yamma. Na kai hannu in dafa iska, iska ta ƙi. Na ji ni tim a kan katifar ƙasa, baya a ƙasa, ƙafafu suna gaida silin. Takalmina ɗaya ya tashi ya sauka a cinyar Alhaji. Ɗankwali da mayafi suka yi nasu wuri, ga kaina rabi kitso rabi tsifa, don da safen na fara tsefewa lokaci ya ƙure. Kuma don kar in ce ban ga komai ba, bangon ɗakin gaba ɗaya madubi ne, wanda marasa lafiya suke duba zamansu a ciki. Na ga kaina daga farko har ƙarshe. Ƙwallon ma ta je ta bugi bango ta dawo ta dungure min kai, ta cika aikinta.

Alhaji ya ɗaga takalmin da yatsa biyu ya ce, "Farfesa, an bar kayan aiki."

Ɗaki ya fashe da dariya. Matan ƙofa har da riƙe ciki. Amma duk cikin dariyar akwai wadda ta fi ƙarfi, wadda rabona da jin ta tun kafin tifar yashi. Yaya Nura ne. Yana dariya har da hawaye, yana tafa hannu yana cewa, "Wayyo Auta! Zama ne fa kawai! Wayyo cikina!"

Ina kwance ina tunanin ta inda zan bi in bar Abuja, sai na ji Madam Rahila ta ce, "Malam Isa. Hannunka yana jikinsa?"

Malam Isa ya ɗaga hannuwansa biyu sama. Tun da na rungume shi bai koma kan ɗamarar ba, yana dai kusa.

"Oga Nura, ka ci gaba da tafi," in ji ta. "Kar ka tsaya. Dubi madubi."

Yaya ya duba. Yana zaune a bakin gado, jikinsa yana girgiza da dariya, hannuwansa biyu a sama, ba mai riƙe da shi. Ya ɗan tafi hagu, ya ja kai da kafaɗa ya dawo da kansa. Ya daina dariyar. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke cikin madubin.

Ni dai da ma a ƙasa nake, saboda haka durƙuson bai yi min nisa ba. Na rarrafa na je gaban Madam Rahila, ba ɗankwali, takalmi ɗaya, na ce, "Madam, don girman Allah ki yi haƙuri. Ni ce mahaukaciyar, ba shi ba. Ki kore ni, ki hana ni shigowa har abada, amma kar ki bar shi."

Ta bar ni a durƙushe har sai da gwiwata ta gane kurenta. Sannan ta ce, "Ba zan kore ki ba. Aiki zan ba ki. Na ɗanɗana hannunki, yana da kyau wajen turi."

Haka na zama mai ture Yaya Nura a hukumance. Ta koya min inda ake sa hannu, da yadda ake farawa a hankali, da cewa ba a yi sai Danjuma yana durƙushe a baya. Turin bai ba ni wuya ba, kamar don shi aka halicce ni. Abin da ya kusa kashe ni shi ne ɗaya darasin: in ni ce a baya, hannu ya tsaya kusa da shi amma kar ya taɓa. Ka ga ɗan'uwanka yana tafiya gefe, hannunka yana ƙaiƙayi, a ce ka bari ya dawo da kansa. Na sha cizon leɓe har ya fashe.

Anti Bilki ta sauka lafiya, aka samu mace. Da aka dawo da su gida ɗaki ya cika da mata, aka zaunar da Yaya a kan katifa a ƙasa. Gwaggonmu ta fara jawo filo tana cewa a tokare shi kar ya faɗa kan jinjira. Ni da bakina na ce, "Gwaggo, a bar filon nan." (Ta dube ni kamar an canza ni a asibiti.) Na durƙusa a bayansa. Gwaggo ta zauna a gabansa, ta ɗora masa yarinyar, ta ƙi janye hannunta nesa.

Ya karɓe ta da hannu biyu. Ya sunkuya a hankali ya kai baki kunnenta ya fara kiran salla. Yana tsakiya yarinyar ta yi miƙa ta harba ƙafa, da alama halin gwaggonta auta ta ɗauko. Yaya ya tafi hagu. Mata suka ja numfashi. Hannuwana suna gefen haƙarƙarinsa, har ina jin ɗumin rigarsa. Na ga kafaɗarsa ta dama ta ja, kansa ya karkata, ya dawo tsakiya. Ya ƙarasa huɗubarsa, ya raɗa mata suna, ya tofa mata addu'a.

Bai juyo ba ya ce, "Auta, kin taɓa ni?"

"Ban taɓa ba, Yaya."

"Ki rantse."

"Wallahi ban taɓa ba."

Ya ce alhamdu lillahi, ya ƙi ba kowa yarinyar har sai da ta yi kukan yunwa.

Ni dai abin da na koya ba shi da yawa, don kaina ba ya ɗaukar kaya da yawa a lokaci ɗaya. In aka ce miki ki jira a riƙe ki, 'yar'uwa, ki jira. In kuma kika hango ana zaluntar wani ta kafar labule, kafin ki tashi ceto ki fara leƙa bayansa tukuna, ko akwai mai gemu a durƙushe.